Jirgin Alfarma Mai Dogon Zango: Ƙirarsa da Iyakar Ƙarfinsa

Gabatarwa

A wajen Bahaushe na dauri, da zango ake auna tafiya. Fatake sukan ce daga gari kaza zuwa gari kaza zango kaza ne, watau adadin wuraren da tilas ayari ya sauke kaya, dabbobi su sha ruwa, mutane su miƙe ƙafa. Ko da jirgin sama ya shigo ƙasar Hausa bai rabu da wannan al'ada nan da nan ba. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925 sun baro Masar ne tun ƙarshen Oktoba, suna tafe suna yada zango a Sudan da Cadi domin shan mai. Yau kuwa akwai ɗan jirgin da tsawonsa bai cika mita 30 ba, wanda zai iya ɗaukar mutum takwas daga Katsina ya dire su a birnin Beijing na ƙasar Sin, tafiyar kimanin kilomita 10,600, a zango guda.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda aka ƙera irin wannan jirgi, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya. Za a yi misali da Gulfstream G550, domin kuwa jirgi ne da ya shafe mu. A shekarar 2010 Gwamnatin Tarayya ta amince da sayen guda ɗaya, tare da Falcon 7X guda biyu, don jigilar shugaban ƙasa, kuma a zamanin mulkin Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, jiragen fadar shugaban ƙasa sun sha sauka a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina. Manomin Barkiya da ɗan kasuwar Kurfi da malamin makaranta a Dutsin-Ma duk suna da haƙƙi a cikin dukiyar da aka saye shi da ita, saboda haka ya kyautu a san abin da aka saya. Abin da mai karatu zai tarar shi ne, nisan zango ciniki ne: kowace kilomita da maƙera suka ƙara wa jirgin, sai da suka biya ta da wani abu.

Asalin Jirgin

Jirgin alfarma shi ne ƙaramin jirgin da kamfani ko attajiri ko gwamnati ke mallaka don kai mutane ƙalilan inda suke so, a lokacin da suke so. Na farkonsu, irin su Learjet 23 da ya fara tashi a 1963 da Gulfstream II na 1966, ba su da dogon numfashi. Sai a ƙarshen ƙarnin da ya wuce aka sami masu haɗa nahiya da nahiya mai nisa ba tare da sauka ba: Gulfstream V a 1997, da Global Express na kamfanin Bombardier na Kanada a 1999. Wani samfuri na Global Express ɗin ne Alhaji Aliko Ɗangote ya saya a 2010.

G550 ɗa ne ga Gulfstream V. A garin Savannah na jihar Jojiya ta Amurka aka riƙa ƙera shi, daga 2003 har zuwa 2021 da aka daina, bayan an ƙera fiye da guda 600. Tsawonsa mita 29.4 ne, faɗinsa daga bakin wannan fiffike zuwa wancan mita 28.5. Maƙeransa sun ce yana cin kilomita 12,500 a zango guda, ɗauke da fasinja takwas da ma'aikata huɗu. A Oktoba 2003 ma ya wuce haka, ya tashi daga Seoul ta Koriya ta Kudu ya sauka Orlando ta Amurka, fiye da kilomita 13,500, cikin sa'a goma sha huɗu da rabi.

Masana sun daɗe da sanin abin da ke hukunta nisan zangon kowane jirgi. Akwai wani lissafi da ake jinginawa ga Louis Breguet, Bafaranshe maƙerin jirage, wanda ya tattara al'amarin a kan abubuwa uku: yawan man da jirgi ya ɗauka idan aka gwada da nauyinsa, da ƙwarewar fiffikensa wajen ratsa iska, da ƙarancin ƙishirwar injinsa. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Guzuri: Mai da Nauyi

Ayarin Buzaye masu zuwa ɗaukar gishiri a Bilma sukan ɗaura wa raƙuma dammunan ciyawa tun daga gida, domin hamadar da za su ratsa ba ta da abin kiwo. Raƙumin da ya ɗauki ciyawa kuwa ba shi da wurin ɗaukar haja, kuma shi ma sai ya ci daga cikin ciyawar kafin ya iya ɗaukarta. Halin da jirgi mai dogon zango yake ciki ke nan. A sama babu gidan mai, kuma man da za a ƙona a sa'a ta goma sha uku sai an ƙona wani man an ɗauke shi har sa'a goma sha biyu.

Iyakar nauyin da aka yarje wa G550 ya tashi da shi tan 41 ne da 'yar ɗoriya. Jirgin kansa, da kujerunsa da ma'aikatansa, ya cinye kusan tan 22. Tankunansa suna cin tan 18.7 na mai, watau lita 23,000 da wani abu, kimanin kashi bakwai cikin goma na tankar nan mai lita 33,000 da muke gani a hanya. Man kuwa tataccen kananzir ne da ake kira Jet A-1. To, idan aka cika tankuna maƙil, abin da ya rage wa fasinja da jakunkunansu bai wuce kilo 800 da kaɗan ba, nauyin buhu takwas na masara. A nan ne aka samo adadin fasinja takwas. Ana iya shirya jirgin da kujeru har goma sha tara, kuma yana iya ɗaukar kayan da suka kai tan 2.8, amma duk kilon da aka ƙara bisa 800 ɗin nan sai an rage kilon mai a madadinsa. Wanda ya cika shi da jama'a ya zubar da tan biyu na mai ke nan, zangonsa kuma ya ragu da fiye da kilomita dubu.

Ina ake zuba wannan mai? A cikin fuka-fukai. Fiffiken jirgi ba ƙarfe ne curarre ba, akwati ne mai rami, kuma ramin nan shi ne tanki. Dabarar tana da amfani biyu. Na farko, ba a ci wurin fasinja ba. Na biyu, a sama iska tana ƙoƙarin lanƙwasa fiffike sama, nauyin mai kuma yana danne shi ƙasa, sai wahalar da ke kan gindinsa ta ragu, a sami damar ƙera shi da ƙarfe marar nauyi.

Fiffike

Duk yaron da ya taɓa miƙa tafin hannu ta tagar mota tana gudu, ya ɗan karkata shi, ya ji yadda iska ke ɗaga shi sama tana kuma ja da shi baya. Waɗannan su ne ƙarfafa biyu da ke aiki a kan fiffike. Na ɗaya shi ne ɗagawa: fiffike yana karkatar da iska ƙasa, matsin da ke bisansa ya kasa na ƙarƙashinsa, sai ya tashi. Na biyu shi ne turjiya, watau ja da baya da iska ke yi. Inji ba ya ɗaga jirgi. Aikinsa kawai ya rinjayi turjiya. A jirgi irin wannan ɗagawa tana ninka turjiya sau goma sha wani abu, shi ya sa tunkuɗar 'yan tan kaɗan take isa ta riƙe tan 40 a sama.

Wani kaso babba na turjiya daga bakin fiffike yake fitowa. Iskar ƙasa mai matsi takan kewayo ta baki ta hau sama, ta haifar da 'yar guguwa da jirgi ke ja a bayansa, kuma da mai ake biyan wannan guguwa. Maganinta shi ne fiffike dogo siriri. Mai lura da shamuwa, wadda ke zuwa mana gabanin damina daga kudancin Afirka, zai ga haka Ubangiji ya halicci nata, haka kuma na ungulu da ke yini tana shawagi bisa duwatsun Dutsin-Ma ba ta kaɗa fiffike ba. Zai kuma ga gashin bakin fiffikensu ya tanƙwaro sama. Kwatankwacin wannan ne 'yar kunnen da ke tsaye a bakin fiffiken G550, dabarar da Richard Whitcomb na hukumar NASA ya inganta a shekarun 1970.

Sa'an nan ga batun sauri. Ana auna saurin jirgi da saurin sauti, ana kiran ma'aunin Mach, sunan wani masani Ernst Mach. A can sama sauti yana gudun kimanin kilomita 1,060 a sa'a. G550 yakan yi doguwar tafiya a Mach 0.80, watau kilomita 850 a sa'a, kuma ba a yarda ya wuce Mach 0.885 ba. Matsalar ita ce iskar da ke bi ta bisa fiffike ta fi jirgin kansa sauri, saboda haka takan riski saurin sauti tun jirgin bai kai ba, sai ta dunƙule ta zama kamar bango, turjiya ta hauhawa. Don jinkirta wannan ne aka karkatar da fuka-fukan baya da kimanin digiri 27, shawarar da Adolf Busemann na Jamus ya kawo tun 1935. Duk da haka gaggawa tana da farashi: in matuƙi ya ƙara sauri daga Mach 0.80 zuwa 0.85, zango yakan sauko zuwa kimanin kilomita 11,000. Karkataccen fiffike kuma rago ne a ƙaramin gudu, shi ya sa ake zaro masa wasu faifai daga baya a lokacin tashi da sauka, don su ƙara masa faɗi da lanƙwasa.

Hawa Sama

Iska tana da kauri kamar yadda kunu ke da shi. A ƙasa mai kauri ce, kuma tana tsinkewa gwargwadon yadda aka yi sama. Jiragen fasinja na haya sukan bi tsakanin ƙafa 35,000 da 41,000. G550 yana iya kaiwa ƙafa 51,000, fiye da kilomita 15 da rabi, inda kaurin iska yake kimanin kashi ɗaya cikin bakwai na wanda ke bakin teku. A cikin tsinkakkiyar iska jirgi yana samun babban gudu da turjiya kaɗan, sanyin wurin kuma, wanda yakan wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, yana ƙara wa inji nagarta. Ga shi ya bar cunkoson manyan jirage a ƙarƙashinsa, sai a ba shi miƙaƙƙiyar hanya.

Amma fa ba ya iya hawa can kai tsaye in yana cike da mai. Yakan fara ne daga wajen ƙafa 41,000, in ya ƙona mai ya yi sauƙi sai ya ƙara hawa mataki-mataki. Haka kuma tsayin nan bai raba shi da hadari ɗungurungum ba, domin a ƙasashenmu masu zafi gajimaren hadarin damina yakan miƙe ya wuce ƙafa 50,000, dole matuƙi ya hango shi da na'urar rada ya kewaye. Shi kansa man yana cikin haɗari a sanyin nan, tun da Jet A-1 yakan fara daskarewa a digiri 47 ƙasa da sifiri. Don haka aka yi wa jirgin hanyar mayar da ɗumammen mai daga inji zuwa cikin tanki.

Inji

Injuna biyu ne a jikin G550, samfurin BR710 na kamfanin Rolls-Royce, waɗanda aka haɗa a Dahlewitz kusa da Berlin. Kowanne yana tunkuɗa da ƙarfin kimanin tan bakwai a lokacin tashi. Aikin inji matakai huɗu ne: ya shaƙi iska, ya matse ta, ya fesa mata mai ya ƙona, ya furzar da ita baya da ƙarfi. Kafin hayaƙin ya fita sai ya juya wasu farfeloli, su kuma su juya babbar fankar da ke bakin injin. Kimanin kashi huɗu cikin biyar na iskar da fankar ke ja ba ta shiga wuta sam, kewayewa take yi ta gefe. Hikimar ita ce tura iska mai yawa a hankali ya fi arha bisa tura iska kaɗan da tsananin gudu, kamar yadda mai kwalekwale a madatsar Zobe ya fi cin riba da faffaɗar filafili.

Mai karatu zai iya tambaya, in haka ne me ya hana a yi fankar ƙatuwa, irin ta sababbin jiragen fasinja, inda iskar gefe ke ninka ta ciki sau goma? Dalili shi ne ƙatuwar fanka tana da nauyi da faɗi, kuma ƙarfinta yana zubewa da sauri in aka yi sama ƙwarai. Jirgin da ke son ƙafa 51,000 tilas ya tsaya tsaka-tsaki. An kuma liƙa injunan a baya kusa da wutsiya, domin jirgin gajere ne, babu wuri ƙarƙashin fiffike. Wannan ya bar fiffike tsaf, ya kai ƙara bayan fasinja, kuma in inji ɗaya ya mutu ɗayan ba ya murɗe jirgin da yawa, tun da yana kusa da tsakiya. Farashinsa shi ne doguwar wutsiya mai nauyi, wadda aka ɗora wa ƙananan fuka-fukai a ƙoli don su kauce wa hayaƙi.

Ɗakin Fasinja

A ƙafa 50,000, mutumin da iska ta yanke masa ba ya wuce daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar cikin hayyacinsa. Saboda haka gangar jikin jirgi tulu ce rufaffiya, ana ɗebo matsattsiyar iska daga inji, a sanyaya ta, a hura ciki. A G550, ko yana ƙafa 51,000, fasinja yana shaƙar iska ne kamar wanda ke kan tudu mai ƙafa 6,000, alhali a yawancin tsofaffin jiragen haya takan kai kamar ƙafa 8,000. Bambancin yana rage gajiya da ciwon kai ga wanda zai sauka ya shiga taro. Amma iskar da ke ciki tana tura kowane murabba'in mita na bango da ƙarfin kimanin tan bakwai, kuma kowace tafiya tulun yana kumbura ya saɓe. Haɗurran jirgin Comet na Ingila a 1954 sun koya wa maƙera cewa ƙarfe yana gajiya, kuma tsagewa daga kusurwa take farawa. Tagogin Gulfstream masu siffar ƙwai ba su da kusurwa ko ɗaya. Ƙarfin bangon nan kuwa nauyi ne, nauyi kuma mai ne da aka rasa.

Zafin Katsina da Hazo

Alƙaluman da maƙera ke bugawa an auna su ne a kan wata rana ta lissafi: fili a bakin teku, zafi digiri 15, babu iska. A irin wannan rana G550 cike da kaya yana bukatar titi mai tsawon mita 1,800. Filin Katsina yana bisa tudun kimanin mita 500, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan kai digiri 40. Zafi yana tsinka iska kamar yadda tudu ke yi. Idan aka haɗa biyun, jirgin da zai tashi Katsina da azahar a bazara ji yake kamar yana kan dutse mai tsawon mita 1,500, sama da birnin Jos. Fiffike yana bukatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga, inji kuma yana samun ƙarancin abin shaƙa.

Titin Katsina ya haura kilomita uku, saboda haka tsawo ba shi ne abin damuwa ba. Sai dai ƙa'idar tashi ba ta tsaya ga tsawon titi ba. Kafin kowace tafiya matuƙa sukan lissafa wani gudu wanda in inji ɗaya ya mutu kafin a kai shi za a taka birki a tsaya, in kuwa bayansa ne sai a ci gaba da tashi da inji guda. Dole lissafi ya nuna jirgin zai iya hawa da injin nan ɗaya a zafin wannan sa'a. In bai nuna ba, sai a rage mai, ko a rage mutane, ko a jira sanyin dare ko na asuba.

Da hunturu kuma hazo ne ke zuwa, wanda yakan sa a soke tashin jirage a Kano da Katsina. G550 yana cikin jiragen farko da aka sa wa kyamara a hanci mai ganin zafin abubuwa, tana nuna wa matuƙi titi da fitilunsa a kan gilashin da ke gaban idonsa. Tana taimako cikin duhu da hazo, amma gajimare mai kauri yana rufe mata ido. Ƙurar kuma tana cin farfelolin inji sannu a hankali, kamar yadda yashi ke cin bakin fartanya.

Ko hanyar ma ba kullum take miƙe ba. Daga Katsina zuwa Jidda kimanin kilomita 3,500 ne, zuwa Landan 4,300, zuwa New York 8,400, in an bi miƙaƙƙen layi. Amma a 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu, Nijar kuma ta rufe sararin samaniyarta cikin Agusta bayan juyin mulki, jirage sun shiga dogon kewaye. Iskar sama mai ƙarfi, wadda ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a sassan Turai da Amurka, ita ma tana ci wa mai tafiya yamma zango. A irin waɗannan lokuta ne rarar mai ke nuna amfaninta.

Kammalawa

An ci gaba da wannan tsere bayan G550. Global 7500 na 2018 da G700 na 2024 kowannensu ya haura kilomita 14,000, amma da lissafin Breguet ɗin nan dai aka ƙera su: mai, fiffike, inji. Akwai kuma lissafi na huɗu da ba ya cikin littafin maƙera. Mutum takwas da suka yi cikakken zango a G550, kowannensu ya ƙona kimanin lita 20 a duk kilomita 100, alhali fasinjan babban jirgin zamani da ya cika bai wuce lita uku ba. Ban da mai akwai albashin matuƙa da horar da su, da kayan gyara da ake saye da kuɗin waje, da manyan dubawa da sau da yawa ƙetare ake kai jirgi a yi masa, ko ya yi tafiya ko yana ajiye.

Abin da ake saye da wannan kuɗi lokaci ne da sirri da tsaro, kuma akwai ayyukan da suka cancanci haka, kamar tafiyar shugaba zuwa taron gaggawa ko ɗaukar majinyaci. Amma jirgin da aka ƙera don sa'a goma sha huɗu, in aka mai da shi na zirga-zirgar sa'a guda tsakanin Abuja da Katsina, yana ɗauke ne da manyan tankuna da ƙaƙƙarfan bango da ba a mora ba. Duk lokacin da aka ce za a saya wa ƙasa sabon jirgi, tambayoyin da suka kamata su ne mutum nawa zai riƙa ɗauka, zuwa ina, sau nawa a shekara, kuma wa zai gyara shi. Amsar ta ƙarshe tana hannun makarantu irin su Kwalejin Koyon Aikin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011.